Auna Ƙarfin Tsohuwar Kwamfutar Girke Kafin a Yanke Mata Hukunci

A sassan nazarin harsuna ba a rasa tsohuwar kwamfutar girke da aka jingine a lungu bisa hujjar cewa ta yi nauyi. Sau da yawa a cikinta ake samun hirarrakin da aka naɗo a wajen bincike, da hotunan rubuce-rubucen ajami, da kundayen digiri marasa kwafi a wani wuri. Nauyin nan kuwa alama ce kawai, kuma mai nazari zai iya gano tushensa da kansa idan ya auna sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya.

Kafin kowane gwaji, wajibi ne a kwafe muhimman bayanai zuwa wata ma'ajiya, domin gwaji yana wahalar da faifan ajiya, kuma faifan da ya riga ya raunana yana iya mutuwa ana tsakiyar auna shi.

Faifan shi ne abin zargi na farko. Irin na da yana juyawa ne sau 5,400 ko 7,200 a minti, kuma yana adana rahoton lafiyarsa ta tsarin S.M.A.R.T. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna awannin da ya yi yana aiki, da zafinsa, da adadin gurabun da suka lalace. Launin ɗorawa gargaɗi ne. Sai dai rahoto mai kyau ba ya lamunce wa faifan tsawon rai. Ta fuskar sauri, da wuya irin wannan faifai ya haura megabayit 200 a daƙiƙa, alhali SSD na mahaɗin SATA yana kai kimanin 500. Tazarar ta fi haka nesa wajen buɗe ƙananan fayiloli masu yawa, wanda shi ne galibin aikin yau da kullum.

Daga nan sai a buɗe Task Manager a lura da na'urar tana cikin ainihin aikinta, misali ana nazarin sauti da Praat ko ana rubuta hira da ELAN. A ganina wannan ya fi makin da manhajojin gwaji ke bayarwa amfani. Idan faifai ya tsaya a kashi 100 alhali masarrafi yana hutawa, to masarrafin ba shi da laifi. Abin lura a nan shi ne, idan ma'adanar wucin gadi, wato RAM, ta cika, Windows kan ari gurbi a faifai, sai ƙarancin RAM ya ɗauki kamannin ciwon faifai. Na'ura mai gigabayit 4 takan faɗa cikin wannan hali da zarar an buɗe manyan hotuna.

Zafi ma yana da hannu. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, man da ke tsakanin masarrafi da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, sai masarrafin ya rage gudu don kare kansa. Hure ƙura da sabunta man sukan wadatar. Akwai kuma ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma baya, fayiloli su ɗauki tarihin ƙarya, abin da zai iya rikita mai dogaro da shi wajen tantance lokacin da aka naɗi hira.

Gyara dai yana da iyaka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel galibi sai masarrafi na zubi na takwas zuwa sama. Na'urar da ta gaza wannan sharaɗi, ko an sa mata SSD, ya fi dacewa a raba ta da intanet ta ci gaba da aikin rubutu da sauti, ko kuwa a ɗora mata Linux.