Robobin da ke kan lokar 'yan mata

Ranar da na kai wa ɗiyar yayata kayan abinci a ɗakin kwanansu na jami'a, ina shiga idona ya sauka a kan loka. Su huɗu ne a ɗakin, kowa da tata, kuma kowace loka da jerin robobi a kanta: fari, ruwan hoda, wani mai murfin zinare sai ƙyalli yake. Na ɗauki ɗaya ina juyawa, na ce, "Wace ce ba ta da lafiya a cikinku?" Suka kwashe da dariya. "Haba Anti, ai ba magani ba ne, saflimen ne."

Tun daga ranar amsar nan take yi min yawo a ka, domin a cikinta duk matsalar take. Yarinyar da ba za ta sha maganin zazzaɓi ba sai ta tambayi adadinsa, ita ce za ta haɗiye ƙwaya uku daban-daban kafin ta tafi lakca, hankalinta kwance, don kawai an ce mata ba magani ba ne.

Asalin abin da ake nufi da saflimen shi ne ƙarin sinadarin da abinci ya gaza bai wa jiki, kamar bitamin ko sinadarin ƙarfe, a matse shi cikin ƙwaya ko gari ko ruwa. Cike giɓi ne aikinsa. Sai dai dokar da ke kansa ba ta kai ta magani tsauri ba. A Amurka, ƙasar da masu talla ke alfahari da ita idan sun ce "na waje ne", dokar 1994 ta bai wa kamfani damar fitar da irin wannan kaya kasuwa ba tare da ya fara nuna wa hukumar FDA cewa yana aikin da aka rubuta a jikinsa ba. A Najeriya ana neman lambar NAFDAC a jikin roba, kuma dubawar tana da kyau, amma lambar ba alƙawari ba ce cewa za ki yi fari ko ki yi ƙiba. Biyu daga cikin robobin da na juya a ɗakin nan ma ba su da lambar ko ta ƙarya.

Mafi tsadar kayan na fata ne. Gulutatayon shi ne sarkinsu. Sinadari ne da jiki ke haɗawa da kansa, musamman a hanta, kuma idan an haɗiye shi a ƙwaya, kaso mai yawa yana wargajewa a hanji kafin ya isa jini. Shi ya sa wasu suka koma karɓarsa ta ƙarin ruwa a wuraren gyaran jiki, abin da hukumar magunguna ta Filifin ta yi gargaɗi a kansa tun 2011 saboda barazanarsa ga ƙoda da fata. Kolajen kuma furotin ne, ciki yana narka shi kamar yadda yake narka ganda, ba ya ɗaukarsa ya kai shi kumatu kai tsaye. Bitamin C da ake haɗawa da su yakan zo da miligiram 1000 a ƙwaya ɗaya, alhali mace na buƙatar kusan 75 a rana, abin da gwaiba guda ta wadatar. Rarar fita take yi a fitsari. Kuɗin dai sun tafi.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wata 'yar leda da babu ko suna a jikinta, ƙananan ƙwayoyi a ciki. "Na cin abinci ne," in ji mai ita. Mu a zamaninmu "sha ka fashe" muke ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Yawanci abu biyu ake samu a irin wannan haɗin. Na farko saifiroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Shi ne a cikin ruwan Apetamin da FDA ta gargaɗi mutane a kansa a 2023. Na biyu deksametazon, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Magani ne mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa a ciwuka masu tsanani, da lissafi. Ƙibar da yake kawowa ruwa ne da kitsen da ke taruwa a fuska da wuya da ciki, ƙafafu kuwa su sirance. Fuska ta yi zagaye kamar faranti, nankarwa ta fito, suga da hawan jini su leƙo, ƙashi ya yi rauni, al'ada ta rikice. Wadda ta daɗe tana sha kuma ba za ta yanke rana ɗaya ba, domin jikinta ya rage haɗa nasa sinadarin ya dogara da na ƙwayar. Tsayawa farat ɗaya na iya kai ta gadon asibiti. Sai likita ya riƙa rage mata kaɗan-kaɗan.

A nan dole in faɗi laifinmu, mu iyaye. Yarinya ta dawo hutu, kafin ta ajiye jaka an tare ta da "Ke kuwa me ya same ki kika rame haka?" Ana saura wata biyu biki a fara cewa a gyara amarya ta ciko. Ita kuma da Allah ya yi wa jiki, ana ce mata ta rage tumbi. Kowa da inda ake tsikararta, mai sayarwa kuma yana da roba ga kowace.

Shayin rage tumbi ba sai na daɗe a kansa ba. Da yawansu ganyen dangin filasko ne, wanda kakanninmu suka sani da wanke ciki. Gudawa yake sawa, sikeli ya nuna an ragu, a sha ruwa kwana biyu a koma inda ake. Mafi muni shi ne wanda ake ɓoye sibutiramin a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Na tambayi 'yan matan ɗakin wa ya rubuta musu. Babu wadda ta ambaci likita ko mai ilimin haɗa magani. Ɗaya a TikTok ta gani, ɗaya ƙawarta ce ke sayarwa, tana ɗora hoton "kafin" da "bayan" a WhatsApp. Ita ma mai sayarwar ɗaliba ce, da ribar take biyan kuɗin takardu, ba ta san abin da ke cikin robar ba fiye da mai saye. Biyu daga cikin 'yan ɗakin kimiyya suke karantawa, sun san mene ne hanta a jarrabawa.

Abin da na nema a kan lokokin nan ban gani ba shi ne wanda suka fi buƙata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mace mai al'ada tana buƙatar miligiram 18 na sinadarin ƙarfe a rana, namiji 8 ya ishe shi. To dubi abincin ɗaliba: shayi da burodi da safe, taliyar leda da rana, garin kwaki da dare idan wata ya yi nisa. Shayin ma da ake kurɓa a kan abinci yana rage wa hanji ƙarfin tsotse ɗan ƙarfen da ke ciki, yayin da lemon tsami ko tumatir ke ƙara shi. Ga zazzaɓin cizon sauro a gefe yana cin nasa rabon. Sai ki ji ana ƙorafin jiri idan an miƙe, haki a kan matakala, karatu ba ya zama, gashi na zuba, fuska ta yi fayau. Daga nan a sayi bayotin don gashi, a sayi na fata don fuska, jinin da ya jawo su duka yana nan yadda yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a inda ƙarancin jini ya kai kashi 40, mata masu al'ada su riƙa shan ƙwayar ƙarfe kullum na wata uku a jere cikin shekara. Ƙwayar nan tana cikin mafi arha a kemis. Amma ita ma ba a afka mata da ka: mai sikila, musamman wadda ake yi wa ƙarin jini, ƙarfe na iya yi mata yawa ya cutar da ita, kuma ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba. Gwajin jini ne ke raba gardama, kuma bai kai kuɗin robar gulutatayon ɗaya ba.

Sai folik asid. A jami'o'inmu na Arewa ɗalibai da yawa matan aure ne, wasu kuma an sa rana. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna fara haɗuwa cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. Maikirogiram 400 a rana, tun kafin a ɗauki cikin, yana rage haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen baya sosai. A daidai wannan lokacin ne kuma yawan bitamin A, wanda jiki ke tarawa a hanta maimakon ya zubar, ke iya nakasa ɗan tayi. Amaryar da ke haɗa roba uku na gyaran fata, kowace da bitamin A a ciki, ba ta san jimillar abin da take sha ba.

Kafin in tafi na sa ɗiyar tawa a gaba muka je aka ɗebi jininta. Ya yi ƙasa, kamar yadda na zata. Likita ta rubuta mata ƙwayar ƙarfe, ta ce ta dage da wake da zogale da hanta idan ta samu, ta kuma raba shayi da lokacin cin abinci. Bayan sati biyu ta kira ni a tsorace wai bayan gidanta ya koma baƙi, na ce mata aikin ƙwayar ne. Na tambaye ta robar nan mai murfin zinare fa? Ta ɗan yi shiru. "Tana nan, Anti. Kuɗi na sa, bari dai in shanye wannan."