Daga Jango zuwa Jango: abin da ya sauya a fim ɗin kaboyi

Duk wanda ya tashi a Bauchi a zamanin silima ya san kallon fim ɗin kaboyi ba ya buƙatar jin Turanci. Wanda ya fi iya zama a kan sirdi shi ne akta. Mai tara mugayen yara kuwa bos ne, kuma ba zai kai ƙarshen fim da rai ba. A garin da ake hawan Sallah doki ba baƙo ba ne, saboda haka da idon masani 'yan kallo ke auna mahayi. Yawancin yaran wancan lokaci yau furfura ta kama su, wasunsu a ofisoshin tarayya a Abuja, kuma in aka taɓo hirar sai su ce finafinan yanzu ba su kama ƙafar na da ba.

Suna da hujja. Django na 1966, wanda Sergio Corbucci ya shirya, ya buɗe ne da Franco Nero yana jan akwatin gawa cikin taɓo, ba tare da dogon bayani ba. A shekarar ce kuma The Good, the Bad and the Ugly na Sergio Leone ya fito, inda Clint Eastwood ke magana da ido fiye da baki. Abin dariya, waɗannan kaboyin da aka ɗauka Amurkawa ne tsantsa, Italiyawa ne suka shirya su, akasarin ɗaukar na Leone ma a Sifaniya aka yi. Tasirin ya kai har Nijar, inda a 1966 ɗin Moustapha Alassane ya yi fim kan samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka addabi mutanensu.

Sai dai sauƙin nan yana da farashi. A tsofaffin finafinan Hollywood, irin Stagecoach na 1939, 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa filaye su ne maharan da ake harbewa daga kan dawaki, 'yan kallo na tafi. Baƙar fata kuwa kusan babu shi, alhali masana tarihi na ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makiyayan wancan zamani baƙaƙe ne. Nan ne na zamani suka yi fintinkau. Jangon 2012, na Quentin Tarantino, bawa ne da aka 'yanta yake neman matarsa. Killers of the Flower Moon na 2023 ya bi diddigin yadda aka riƙa kashe 'yan ƙabilar Osage a shekarun 1920 saboda arzikin man fetur ɗinsu. Gaskiyarsu ta fi yawa, amma maganarsu ma ta fi yawa: na ƙarshen ya doshi awa uku da rabi, kuma wanda ba ya jin Turanci zai yi gyangyaɗi.

Akwai kuma abin da ihun silima ya rufe. Kaboyi makiyayi ne, kuma rigimar da ke ƙarƙashin finafinan da yawa ta noma da kiwo ce. Dokar Amurka ta 1862 ta ba duk mai son noma eka 160. Wayar shinge mai ƙaya, wadda aka yi wa rajista a 1874, ta datse hanyoyin shanu. A 1892 aka zubar da jini a gundumar Johnson ta jihar Wyoming. Daga wannan rikici aka tsamo Shane na 1953. Fim ɗin yana bayan manoma, amma ya bar mai garken ya faɗi tasa: shi ya riga kowa zuwa, yanzu an killace masa mashaya. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu kan burtalin da aka nome a wata ƙaramar hukumar Bauchi ya san wannan magana.

A Shane, bindigar baƙon da ya shigo gari ce ta raba gardama, ya hau dokinsa ya tafi da rauni a jiki. A Najeriya, fayil ɗin yana teburin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka ƙirƙiro a watan Yulin 2024.