Ƙarfe Nawa Ya Kamata 'Ya'yanmu Su Shiga Aji? Lissafin Barcin Ɗalibi Tsakanin Lisha da Asuba

  

Duk wanda ya saba fitowa Titin Koudoukou da sassafe ya san yadda abin yake. Kafin shagunan Kilomita Biyar su gama buɗewa, samari da 'yan mata cikin kayan makaranta sun cika bakin hanya, wasu a ƙafa, wasu suna ciniki da masu babur. Da yawansu sun yi sallar Asuba a kan lokaci, wasu ma sun zauna karatun allo ko sun ɗebo ruwa kafin su fito. To amma malaman aji kan koka cewa darasin farko kusan asara ne: ido a buɗe, hankali ba ya wurin, wani kuma ya kifa kai a kan benci. Mu iyaye hukuncinmu ɗaya ne, mu ce lalaci ne ko sharrin waya. Waya tana da nata laifin, za mu zo kanta. Sai dai akwai wani ɓangare na lamarin da yake cikin halittar yaron, kuma shi ne ya sa wasu ƙasashe suka ɗaga lokacin shiga aji a makarantun sakandare.

Likitocin barci sun yi ittifaƙi cewa matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Sannan binciken da Farfesa Mary Carskadon ta Jami'ar Brown a Amurka ta shafe shekaru tana yi ya nuna cewa da zarar yaro ya fara balaga, agogon jikinsa yana ja da baya. Akwai wani sinadari mai suna melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, shi ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. A jikin matashi wannan sinadarin yana makara wajen fitowa, yana kuma makara wajen janyewa da safe. Ƙari a kan haka, gajiyar yini ba ta saurin kayar da shi kamar yadda take kayar da ƙaninsa ɗan shekara tara. Shi ya sa za ka ga yaron da a da barci ke sace shi a kan tabarma tun kafin a gama tuwon dare, yau ya kai sha ɗaya idonsa biyu. Wani bincike da Till Roenneberg ya yi a Jamus ya nuna cewa wannan jinkirin yana ƙaruwa har zuwa wajen shekara 20, daga nan ya fara komowa. Mu lura da wannan, domin rikicin 2013 da 2014 ya cinye wa yaran unguwar nan shekarun karatu, kuma ba abin mamaki ba ne a samu ɗan shekara 19 ko 20 a ajin ƙarshe na lise.

A kan wannan hujja ce garin Edina da ke jihar Minnesota ya mayar da shiga aji zuwa 8:30 a shekarar 1996, birnin Minneapolis ya bi sahu a 1997. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada makarantun sakandare su fara darasi kafin 8:30. Gwajin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na birnin Seattle. A 2016 an ɗaga lokacin daga 7:50 zuwa 8:45, sai masana daga Jami'ar Washington suka ɗaura wa ɗalibai na makarantu biyu na'urar auna barci a wuyan hannu, kafin canjin da bayansa. Barcinsu ya ƙaru da minti 34 a dare, daga awa 6 da minti 50 zuwa awa 7 da minti 24. Makin da suka samu a darasin da aka bibiya ya ƙaru da kashi 4.5 cikin ɗari. Makara da fashin darasin farko sun ragu a makarantar da 'ya'yan talakawa suka fi yawa. Abin da mutane suka fi tsoro, wato yaran su ƙara tsawaita hirar dare tunda an ba su sarari da safe, bai faru ba: lokacin kwanciyarsu bai canza sosai ba. Jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka a 2019, ta fara aiki a 2022.

Ba ko'ina ne abin ya tafi salin alin ba. Jihar Florida ta kafa irin wannan doka a 2023, amma a 2025 majalisarta ta sassauta ta tun kafin ta fara aiki, saboda gundumomi sun koka da kuɗin motocin ɗaukar ɗalibai da ƙarancin direbobi. Akwai kuma waɗanda suka bi hanyar baya. A 2023 gwamnan wani lardi a gabashin Indonesiya ya umarci ɗaliban ajin ƙarshe na wasu makarantu a birnin Kupang su riƙa shiga aji da 5:30 na asuba, wai don a koya musu ɗa'a. Iyaye suka yi ca, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da aka soke tsarin.

To, mu a Bangui sai mu nemi hukuma ta mayar da shiga aji 8:30? A ganinmu a'a, kuma dalilin farko yana sama, ba a littafi ba. Agogon jiki da hasken rana yake saita kansa, ba ruwansa da agogon bango. A Seattle, a tsakiyar hunturu, rana ba ta fitowa sai dab da ƙarfe takwas. Ɗalibin da ke shiga aji 7:50 cikin duhu ya baro gida. Bangui kuwa tana kusa da tsakiyar duniya, sannan tana can gabas a cikin ƙasashen da muke agogo ɗaya da su. Rana tana fito mana tsakanin biyar da rabi zuwa shida duk shekara, ta faɗi tsakanin biyar da rabi zuwa shida na yamma. Agogonmu ɗaya da na Kano, amma ranarmu tana riga tasu da kusan minti 40. Ɗalibin da ke shiga aji 7:30 a nan ya riga ya sha hasken rana na awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma hasken safiya shi ne babban abin da ke tayar da jiki. Bakwai da rabinmu ta fi takwas da rabin wasu ƙasashe haske.

Dalili na biyu shi ne yamma. Duk mintin da aka ƙara da safe, da rana za a biya shi, a cikin zafin Fabrairu da Maris, a ajin da yara suka cika maƙil. Inda makaranta ke karɓar rukuni biyu, na safe da na rana, jinkirin zai tura na biyun zuwa magariba. Babu uban da ya ga abin da unguwar nan ta gani da zai so 'yarsa tana kan hanya bayan duhu ya shiga. Ga kuma Islamiyyar La'asar, ga yaran da ke tsare wa iyayensu shago.

Dalili na uku shi ne wanda binciken Amurka bai taɓa lissafawa da shi ba: ɗan Musulmi ba ƙararrawar makaranta ce ke tashinsa ba, ladan ne. Alfijir yana keto mana wajen huɗu da rabi, wani lokaci kafin haka kaɗan, wani lokaci bayansa. Ko an mayar da shiga aji ƙarfe tara, Asuba tana nan inda take, kuma babu mai imanin da zai ce a ɗaga ta. Saboda haka mu ɗauki alƙalami. Yaron da zai tashi 4:30 yana son awa 8, sai ya kwanta 8:30 na dare. Idan ya kwanta ƙarfe goma, awa 6 da rabi ya samu. Idan ya kai sha ɗaya, awa 5 da rabi, wato ƙasa da abin da yaran Seattle ke samu a lokacin da hankalin likitocinsu ya tashi. A kwana biyar na makaranta, wanda ke kwanciya sha ɗaya ya ci bashin awa 12 da rabi. Shi ne yaron da muke zagi da lalaci, alhali yana iya yiwuwa ya fi mu kiyaye jam'in Asuba.

Abin da rashin barci ke ci ba gyangyaɗin aji kaɗai ba ne. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi, don haka mai hadda da mai shirin jarrabawar bakaloriya duk asara ɗaya suke yi idan suka raba dare suna bita: suna zuba ruwa ne a kwando. An kuma tabbatar da alaƙa tsakanin ƙarancin barci da saurin fushi, da ƙuncin rai, da haɗarin hanya. A inda samari da yawa ke tuƙa babur, wannan na ƙarshen ya isa abin tunani.

Mafita tana hannunmu fiye da hannun ma'aikatar ilimi, kuma Sunna ta riga ta shata ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza (RA) cewa Annabi (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin Lisha da hira bayanta. Mu kuma Allah Ya yi mana sauƙin da mutanen Turai ba su da shi a bazara: Lisha tana shigo mana wajen ƙarfe bakwai duk shekara. Daga sallamewa zuwa takwas da rabi akwai sarari na cin abinci da duba littafi. Me ke cinye sauran daren? Wasannin gasar zakarun Turai da dama sai ƙarfe tara ake take su a agogonmu, a tashi wajen sha ɗaya, sannan a tsaya musu a ƙofar gidan kallo. Sai waya, wadda haskenta a cikin ɗaki mai duhu ke ƙara jinkirta melatonin, abin da ke cikinta kuma ya hana zuciya kwanciya. Sai wutar lantarki, wadda idan ta zo da dare gida duka ya farka: guga, caji, talabijin. An yi bincike a kan ƙabilar Toba ta Ajantina, aka kwatanta masu lantarki da marasa shi, aka ga masu lantarkin sun fi jinkirin kwanciya kuma barcinsu ya fi gajarta. A jihar Colorado kuma, mutanen da aka kai daji suka yi mako guda babu fitilar lantarki, agogon jikinsu ya matso gaba da kusan awa biyu. Ma'ana, jinkirin balaga gaskiya ne, amma hasken dare ne ke ninka shi.

A nan dole mu ma masu masallatai mu dubi kanmu. Darasin da aka sa bayan Lisha ya kai ƙarfe goma, da wa'azin dare da lasifika, da musabaƙar da ake ja har tsakar dare a ranakun makaranta, duk alheri ne, amma daga barcin ɗalibi ake ciro kuɗinsu. Tsakanin Magariba da Lisha ya wadatar da darasin matasa, doguwar majalisa kuma a kai ta daren Asabar ko lokacin hutu.

Sai maganar komawa barci bayan Asuba, wadda ke tayar da gardama a gidaje. Gaskiya ne Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, kuma magabata da dama, cikinsu har da Ibnul Ƙayyim, sun ƙi barcin wannan lokaci. Amma ƙi daban, haramci daban, kuma malamai sun yi rangwame ga mai buƙata. Farfesa Ahmed BaHammam na Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad ya gwada wannan a 2012 a kan mutane kaɗan: waɗanda suka tashi sallar Asuba suka koma barci ba su bambanta da masu barci a jere ba ta fuskar ingancin barci ko gyangyaɗin rana, matuƙar jimillar awannin ɗaya ce. Idan yaro ya sallame ƙarfe biyar, makarantarsa kuma ba nisa, awa ɗaya da zai ƙara ta fi masa amfani a kan zaman da zai yi yana layi a kan allo. A nan ne kawai jinkirta shiga aji da minti 30 zai yi wa ɗan Musulmi rana, kuma makarantu masu zaman kansu da ke da rukuni ɗaya suna iya gwadawa na zango guda, su riƙe rajistar makara da sakamakon jarrabawa su kwatanta. Wanda ba zai iya ba, aƙalla kada ya sa lissafi ko jarrabawa a awar farko.

Ƙailula kuma ba sai mun aro daga kowa ba. Aya ta 58 a Suratun Nur ta lissafa tsakar rana cikin lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum ɗaki, abin da ke nuna hutun rana sananne ne a gidajen sahabbai. Masu bincike a Singafo sun ga cewa barcin rana yana dawo wa matasan da ba su ƙoshi da barcin dare ba wani ɓangare na natsuwa da riƙon karatu, ko da yake ba ya biyan bashin duka. Yaron da ya dawo bayan Azahar, a bar shi ya kwanta minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a aike shi kasuwa, a tashe shi kafin La'asar don kada ya ɓata na dare. 'Yan mata su aka fi zalunta a nan, domin daga ajiye jaka sai murhu, daga murhu sai wanke-wanke, kuma su ne farkon tashi.

Ga abin da muke roƙon kowane gida ya yi a wannan makon. A samu takarda, a rubuta lokacin da ɗalibi ya kwanta da lokacin da ya tashi na kwana bakwai, a haɗa da barcin rana, a raba gida bakwai. Idan abin ya gaza awa 8, a fara da matso da kwanciya minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku, domin agogon jiki ba ya juyawa dare ɗaya. Wayoyin gida kuma su kwana a ɗakin maigida, har da tasa.