Ko Ka Sani? Ƙarfen Da Ba Ya Nutsewa A Ruwa Yana Cikin Wayarka

Duk wayar da aka kai wurin mai caji a Unguwar Hajji, ko a Ƙaraye ko Rogo, akwai wani ƙarfe a batirinta da ake kira litiyam. Ƙarfe ne na gaske, amma da za a jefa tsantsarsa a madatsar ruwan Challawa, ba zai nutse ba! Nauyinsa rabin na ruwa ne da ɗan ɗoriya. Ko a kananzir aka tsoma shi tasowa yake yi, kuma da wuƙa ake yanka shi. Duk cikin ƙarafa babu wanda ya kai shi rashin nauyi.

A jadawalin sinadarai, wanda Mendeleev ɗan Rasha ya tsara a 1869, litiyam ne na 3, kuma biyun da ke gabansa duk iska ce. Dalma kuwa tana can a lamba ta 82. In aka yanko su daidai wa daida, dalma ta ninka shi nauyi fiye da sau 20. Shi ya sa babban batirin sola na dalma sai an kama maka, na litiyam mai ƙarfi irin nasa kuwa mutum ɗaya ya ishe shi.

Danginsa ma abin kallo ne. A ƙarƙashinsa a jadawalin akwai sodiyam, wanda ke cikin gishiri da kanwa, sai fotashiyam na cikin toka, wato K ɗin da ke jikin buhun takin NPK. Kowannensu yana da ƙwayar lantarki guda a bakin waje, kuma neman kai yake da ita. Ana yin ƙasa a jadawalin, ƙwayar tana ƙara nisa da cibiya, riƙon yana sassautawa, faɗa yana ƙaruwa. Litiyam a ruwa kumfa yake yi yana tsuwa. Sodiyam narkewa yake ya dunƙule ya dinga zagaya saman ruwan a guje. Fotashiyam kuwa wuta yake kamawa nan take, a kan ruwa fa! Amma da sodiyam ya miƙa ƙwayarsa ga kulorin, iska mai guba, sai ga gishirin miya.

Wannan sauƙin sakin ƙwaya da rashin nauyi su suka sa litiyam ya yi kasuwa. Kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam irin na waya a 1991, kuma John Goodenough, ɗaya cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel saboda shi a 2019, yana da shekara 97 a lokacin. Ba a taɓa ba wanda ya kai shi tsufa kyautar ba.

A cikin waya dai litiyam ba tsantsa yake ba, a haɗe yake da wasu sinadarai. Duk da haka, in batirinka ya kumbura, kada ka huda shi, kada ka jefa shi a murhu, kuma kada ka bar wa yara su yi wasa da shi.