Gyambon ƙaro: cutar da ta hana masu gandun fayin barci

A shirinmu na kimiyya da muhalli na wannan mako, mun duba wata cutar itatuwa da masana suka kwashe fiye da shekara 70 suna bin sawunta. Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna.

To, jama'a masu saurare, itacen da ake magana a kansa shi ne fayin, dogon itacen nan mai ganye siri-siri kamar allura, wanda ake yin katako da takarda da shi. Ba ɗan ƙasarmu ba ne, amma an dasa shi a wurare irin su Afaka kusa da Kaduna, da tsaunukan Jos da na Mambila. Ita kuwa cutar, sunanta a Turance na nufin gyambo mai zubar da ƙaro. Abin da ke haddasa ta wata ƙwayar fumfuna ce da ake kira Fusarium circinatum.

Yaya take kama itace? Sai ta samu rauni tukuna, ko na ƙwari masu huda ɓawo, ko na ƙanƙara da iska, ko na adda. Da ta shiga sai ta kashe naman da ke ƙarƙashin ɓawon. Itacen ya yi ta fitar da ƙaro don ya kare kansa, har ya jiƙe gangar jikinsa. In gyambon ya zagaye reshe, shi ke nan ruwa ba ya ƙara hawa, ganye ya koma ɗorawa, daga baya ja, reshen ya bushe. Babban itace yakan jure shekaru, sai dai katakonsa ya lalace. Amma a wurin renon dashe abin ya fi muni, don can saiwa take kamawa, ƙananan tsirrai su yi ta zubewa.

An fara bayyana cutar ne a 1946 a jihar North Carolina ta Amurka, inda masana biyu, George Hepting da Elmer Roth, suka yi rubutu a kanta. A 1986 sai ga ta a Kalifoniya, ta faɗa wa nau'in Pinus radiata, wanda ba shi da ƙarfin jure mata. Daga nan aka same ta a Japan da Chile da Sifaniya da Fotugal. Masana da dama na ganin asalinta yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, saboda a can ƙwayar ta fi yawan iri-iri.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta ɗanɗana kuɗarta. A 1990 aka gano ta a wani wurin renon dashe, tana kashe tsirran Pinus patula, nau'in da masana'antar katakon ƙasar ta dogara da shi sosai. Kun ga matsalar: tsiro zai bar wurin reno lafiya lau a ido, a kai shi gona a dasa, bayan 'yan watanni ya mutu. An yi asarar kuɗi, an yi asarar damina.

Wannan ne ya sa cibiyar FABI da ke Jami'ar Pretoria, wadda Farfesa Mike Wingfield ya jagoranci kafa ta a 1998, ta duƙufa a kan cutar. A 2012 tawagar da Farfesa Brenda Wingfield ke jagoranta ta wallafa taswirar ƙwayoyin gadon wannan fumfuna. Shi ne karon farko da aka yi wa wata fumfuna irin wannan aiki a Afirka. Amfaninsa kuwa, yana taimakawa a gane ƙwayar cikin hanzari a ɗakin gwaji, a kuma bi diddigin inda ta fito.

Abu uku bincike ya fito da su fili. Na farko, ƙwayar na ɓuya a cikin iri, ba a bayansa kawai ba. Wato wanke iri da magani ba lalle ne ya kai gare ta ba, kuma ta haka take tsallaka teku. Na biyu, an gano tana iya zama a jikin ciyawa ba tare da wata alama ba, don haka sare itatuwan da suka kamu bai isa ya kawar da ita ba. Na uku, kuma shi ne mai daɗin ji, ba dukkan fayin ne ke da rauni ɗaya ba. A Afirka ta Kudu an haɗa auren Pinus patula da Pinus tecunumanii, aka samu ɗa mai jure cutar, kuma kamfanoni sun rungume shi. A Kalifoniya ma, Farfesa Thomas Gordon da abokan aikinsa sun nuna cewa itacen da ya kamu ya rayu yakan ƙara ƙarfin jure kamu na gaba.

Maganin da zai warkar da gandu sukutum dai babu shi. Saboda haka rigakafi ake yi: tsabtace kwanukan reno, da tace ruwan ban-ruwa, da ƙone tsirran da suka kamu, da sa ido a kan iyaka. Dubi New Zealand, inda kusan kashi 90 cikin 100 na gandun da aka dasa Pinus radiata ne. A 2003 an kama ƙwayar a jikin wasu rassan dashe da aka shigo da su daga Amurka, tun suna wurin killacewa, aka lalata su kafin su fita.

To ina ruwan manomin Maraɗi ko Garwa ko Tamale da wannan? Ai dangin ƙwayar suna gonakinmu. Wata 'yar'uwarta, Fusarium verticillioides, ita ke ruɓar da zangarniyar masara tana barin guba a cikin hatsi, wata kuma na kama shinkafa. Sannan ga iri da dashe da ke tsallaka iyakokinmu a bayan mota ba takardar shaidar lafiya, a daidai lokacin da ake renon miliyoyin itatuwa don yaƙi da hamada. Duk mai sayen dashe ya tambayi inda ya fito, ya duba saiwarsa, in ya ga tsirrai na mutuwa a jere ya sanar da malamin gona ko jami'in gandun daji mafi kusa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.