Karen da ke yi wa makaho jagora

A ƙasar Faransa, kare ne ke yi wa waɗansu makafi jagora. Paul Corteville ya buɗe makarantar farko ta horon irin waɗannan karnuka can, a shekara ta 1958.

Amma daga gida aikin ke somawa. Mutane sukan ɗauki riƙon kwikwiyo ɗan wata 2, ba da biya ba. Suna zuwa da shi kasuwa da tashar mota, har ya saba da hayaniya. In ya shekara, su kai shi makaranta. Rabuwar akwai ciwo.

Can ake koya masa tsayawa bakin hanya da kauce wa rami. Sannan a ba makaho shi kyauta.

A ƙasar Hausa kuwa, yaro ke jan sanda. Ranar da ya yi jagora, ya rasa lakkol.