Sanda, keke ko mai batir: me ya dace da dattijon da zai hau jirgin ruwa a Doha?



Da yawa daga cikinmu ba mu fara lura da tashar jiragen ruwa ta Doha ba sai lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, shekarar da ɗanmu na Nima, Mohammed Kudus, ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu. A lokacin an girke manyan jiragen ruwa uku na kamfanin MSC a tashar, 'yan kallo suna kwana a ciki kamar otal. Gasa ta wuce, amma jirage ba su daina zuwa ba. Duk lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, jiragen yawon shaƙatawa suna tsayawa a Doha, suna zagaya Dubai da Abu Dabi da Bahrain. Ga shi jirgin Qatar Airways yana tashi daga Ankara zuwa Doha, ga yaranmu da ke aiki a can. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne yau yaro ya ce zai kai tsohuwarsa ko tsohonsa wannan yawo, ya huta wa rayuwarsa. Allah ya yi wa irin waɗannan yara albarka.

Sai dai akwai tambayar da ake bari sai an isa bakin jirgi: Baba ko Hajiya za su iya tafiyar da ke ciki?

Mutane suna ɗauka cewa a jirgin ruwa zama kawai ake yi. Ba haka ba ne. MSC World Europa, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya a Doha a 2022, tsawonsa ya kai mita 333, wato ya fi filin ƙwallo uku a jere. Idan ɗakinka yana goshin jirgi, wurin cin abinci kuma yana ƙarshensa, zuwa da dawowa sau uku a rana tafiya ce ta gaske. Ƙara da layin nuna fasfo, da gadar da ake bi a hau jirgi, wadda wani lokaci takan yi tudu sosai gwargwadon cikar teku. Dattijon da a gida tafiyarsa ba ta wuce daga ƙofar gida zuwa masallaci ba, a nan zai ji a jikinsa tun ranar farko.

Saboda haka shawararmu ita ce a auna tun a gida. A fita da shi da la'asar, a ga minti nawa yake tafiya kafin ya nemi wurin zama, kuma minti nawa zai iya tsayuwa wuri ɗaya. A lura da abin da ke tsayar da shi: gwiwa ce, numfashi ne, ko jiri? Wanda ya yi Hajji ko Umra kwanan nan yana da ma'auni a hannu, domin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya ɗan wuce kilomita 3. In a keke aka tura shi a can, to kada a yaudari kai a nan. Kuma a yi zaɓin bisa ranar da ƙafa ta fi ciwo, ba ranar da jiki ya yi daɗi ba.

Sanda tana isar wanda matsalarsa ƙafa ɗaya ce kuma ba ya layi. Abu biyu ake yawan kuskurewa. Na farko tsawo: idan mutum ya miƙe ya saki hannu, mariƙin sandar ya zo daidai wuyan hannunsa. Na biyu, ana riƙe ta ne a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya, ba gefen mai ciwo ba. Kwagirin ado da ake fita da shi ranar Sallah, wanda ba shi da roba a gindi, a bar shi a gida. Daɓen jirgi yana da santsi, musamman kusa da wurin iyo.

Ga mafi yawan iyayenmu, waɗanda suna iya tafiya amma sai sun riƙa hutawa, mu a ganinmu abin da ya fi dacewa shi ne madogari mai taya huɗu, mai birki a hannu da ɗan wurin zama a tsakiya. Mutum yana tura shi a gabansa, in ya gaji ya danne birki ya zauna, ko a layi ne ko a bakin Corniche. Yana naɗewa, ya shiga bayan tasi, ya shiga ɗaki. Amma a kiyaye: yawancinsu ba a yi su don a zaunar da mutum a tura ba. Taya ta ci karo da ɗan tudu, sai ya kife da wanda ke kai. Akwai nau'in da aka ƙera don ya yi aiki biyu, madogari da keken turawa, kuma in aljihu ya yarda, shi ne ya fi. Wanda hannunsa ba ya iya matse birki, ko wanda jiri ke ɗiba, wannan abin ba nasa ba ne, domin zai gudu ya bar shi.

Sai keken guragu, kuma a nan ne rigima take. Mun san halin dattawanmu. Alhaji zai ce, "Ni ba gurgu ba ne, me mutane za su ce in sun ga hoto?" Yara kuma saboda kunya sai su yi shiru. Muna roƙon iyayenmu su dubi abin da kyau. Faɗuwa ɗaya ga mai shekara saba'in tana iya karya ƙashin ƙugu, kuma asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, kuɗi mai nauyi, ba a haɗa shi cikin tikiti ba. In abin ya yi tsanani, sauke mutum za a yi a ƙasar da bai san kowa ba. Wanda ya hau keke a Harami bai rasa girmansa ba, ba kuma zai rasa shi a Doha ba. Ku kuma yara, kada ku sayo keke ku ajiye a gaban tsoho kamar an yanke masa hukunci. Ku zauna ku yi shawara da shi, ku ce, "Baba, don filin jirgi da kasuwa ne kawai, a cikin ɗaki sandarka tana nan."

Keken iri biyu ne. Mai ƙananan tayoyi ba shi da nauyi, amma dole sai da mai turawa. Mai manyan tayoyi a baya, mutum zai iya tuƙa kansa, kuma ya fi jure gargada. Wannan yana da muhimmanci a Souq Waqif, inda lungu ke da matsi, daɓen dutse ne, ga cunkoso bayan magariba. Kuma a san wanda zai tura tun kafin a tashi. Ma'aikatan jirgi sukan taimaka wajen hawa da sauka, amma ba aikinsu ba ne su bi mutum da keke duk yini, ko su taya shi wanka da sa tufafi.

Keke mai batir kuwa yana ba mutum 'yanci, sai dai wahalarsa ta fi ta sauran. Ƙofar ɗakin jirgi na yau da kullum ƙarama ce, kuma kamfanoni ba sa yarda a bar keke a baranda, saboda hanyar tsira ce in wani abu ya faru. Ke nan ko dai keken ya shige ta ƙofar, ko a kama ɗakin da aka tanada wa masu lalura, mai faɗin ƙofa da banɗaki marar tudu. Irin waɗannan ɗakuna kaɗan ne, da wuri suke ƙarewa. A auna faɗin keken da awo, a tambayi kamfani faɗin ƙofa a rubuce. Ga kuma jirgin sama: batirin litiyom da ake cirewa, ƙa'idar ita ce kada ya wuce 300 Wh, kuma a hannu ake shiga da shi, ba a cikin kaya ba. A wasu tasoshi ma jirgi ba ya matsowa gaɓa, ƙananan jirage ke kwasar mutane, kuma ba lallai a karɓi keke mai nauyi ba. Wanda bai taɓa tuƙa irinsa ba, kada ya fara koyo a bakin lif cike da mutane.

A cikin Doha kanta an yi sa'a. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe a 2019, yana da lif a tasoshinsa, kuma layin da ake kira na zinariya yana tsayawa a Souq Waqif da kuma gidan tarihin ƙasa. Gidan tarihin fasahar Musulunci ma yana kusa da tashar jiragen ruwa. Amma "kusa" a taswira daban, "kusa" ga mai ciwon gwiwa daban, don haka a ɗauki tasi. Kamfanin Karwa yana da motocin da keke ke shiga, sai dai a nema tun da wuri.

Wani abin da turawa ba za su gaya mana ba shi ne alwala. Sau biyar a rana tsoho zai jiƙa daɓen ɗan ƙaramin banɗaki, ya ɗaga ƙafa ɗaya, jirgi kuma yana motsi. A nemi kujerar wanka, a yi alwala a zaune. Sallah ma malamanmu sun sha bayani cewa wanda tsayuwa ta gagara ya yi a zaune. Silifa irin ta calewote a bar ta, a sa takalmi mai kama ƙafa. Hajiya kuma ta riƙa tattare bakin abaya da gyale, Alhaji ya naɗe hannun babbar riga, domin taya ba ta jin kunyar kama tufa.

Lokacin sayen tikitin jirgin sama, a faɗa wa wakili irin taimakon da ake so, aƙalla awa 48 kafin tafiya. Alamar WCHR ta wanda ke iya hawa matakala ce amma doguwar tafiya ta fi ƙarfinsa, WCHS ta wanda ba ya iya matakala, WCHC kuma ta wanda sai an kai shi har kujerarsa. Kamfanin jirgin ruwa ma yana da takardar masu buƙata ta musamman da ake cikewa tun wajen biyan kuɗi. A yi inshorar lafiya, a faɗi ciwon suga ko hawan jini a ciki ba ɓoye-ɓoye, a kuma bincika bizar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya. Duk abin da aka zaɓa, a saye shi ko a aro shi da sauran sati uku ko huɗu, likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi na asibiti ya daidaita tsawonsa, tsoho ya riƙa zuwa masallacin Juma'a da shi har hannunsa ya saba.